Daga Ɗakin Likitan Ido Zuwa Gaban Allo

A watan Nuwamba na 1896 mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani ɗan rahoto mai shafi guda daga alƙalamin W. Pringle Morgan, likita a Seaford, wani ƙaramin gari da ke bakin teku a kudancin Ingila. An kawo masa yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy, yaro mai wayo da kuzari, gwanin wasa, wanda sa'o'insa ba su fi shi da komai ba sai abu ɗaya: karatu ya ƙi shiga. Tun yana ɗan shekara 7 ake fama, daga makaranta zuwa malaman gida. Da ƙyar da jiɓin goshi ya san haruffa, amma da zarar an haɗa su sun zama kalma sai ya tsaya cak. Da likitan ya yi masa shifta, har sunansa sai da ya birkita, ya rubuta Precy. Lambobi kuwa komai tsawonsu yana karanta su ba gargada, lissafi ma bai ba shi wuya. Idonsa garau.

A cikin rahoton akwai shaidar malamin da ya yi shekaru yana koyar da yaron. Malamin ya ce da a ce da baki kaɗai ake karatu, ba takarda ba alƙalami, da Percy ne zakaran makarantar. Mutumin ya ga abin sarai, ya kuma siffanta shi daidai, sai dai ba shi da sunan da zai kira shi da shi, balle dabarar da zai ɓullo masa. An kwashe shekaru masu yawa kafin a samu malaman da aka horar domin irin wannan yaro, wanda yau ake cewa yana da disleksiya. Mafi yawan wannan horo kuma a wajen kwalejojin malamai aka yi shi: a asibitoci, a ɗakunan gidaje, da kuma cikin ƙungiyoyin iyaye mata da suka gaji da jin ana kiran 'ya'yansu daƙiƙai.

Likitoci ne suka fara cin karo da lamarin, kuma a jikin manya suka fara ganinsa. A 1877 Adolph Kussmaul, wani likita Bajamushe, ya yi bayanin mutanen da ciwon ƙwaƙwalwa ya raba su da iya karatu alhali suna gani, suna magana, hankalinsu na nan daram. Ya kira abin makantar kalma. Bayan shekara goma Rudolf Berlin, likitan ido a Stuttgart, ya fitar da ɗan littafi a kan irin waɗannan majinyata, a nan ne sunan disleksiya ya zauna. Duk waɗannan mutane sun taɓa iya karatu ne ya kuɓuce musu. Abin da Morgan ya ƙara shi ne cewa akwai wanda da abin aka haife shi.

Lokacin da aka gane haka ma yana da dalili. Dokar 1870 ta baza makarantun firamare a Ingila, ta 1880 kuma ta mai da zuwa makaranta tilas. Kafin nan yaron da karatu ya gagara sai ya bi ubansa gona ko masaƙa, ya girma ya yi iyali ba wanda ya san da wata matsala. Da aka tara kowa a aji ɗaya aka miƙa wa kowa littafi ɗaya, sai irin su Percy suka fito fili. Iyaye kuma, ganin yaro yana zura wa takarda ido ba ya cewa komai, sai su ce ido ne, su nufi likitan ido.

Shi ya sa wanda ya fi kowa bin diddigin lamarin a wancan zamani likitan ido ne, James Hinshelwood na Glasgow. Rubutunsa na 1895 a mujallar Lancet ne ya zaburar da Morgan, shi kuma ya ci gaba da tara labaran yara har ya haɗa su a littafi a 1917. Cikin waɗanda ya gani har da yaron da ya haddace littafin ajinsu kakaf ta hanyar saurare, har ya daɗe yana wucewa a matsayin mai karatu, sai da aka nuna masa kalma ita kaɗai asiri ya tonu. Hinshelwood bai rubuta wa kowa magani ko tabarau ba. Shawararsa ta malanta ce zalla: a ware yaron a koyar da shi shi kaɗai, darasi ya zama gajere amma a maimaita sau da yawa a yini, a ba shi haruffan katako ya riƙa taɓawa, kada kuma a tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji ana yi masa dariya. Ya kuma ja kunnen malamai cewa duka da tsawa ba sa ƙara wa irin wannan yaro komai. Wanda zai zauna ya yi wannan aiki kullum, shi ne babu.

Amsar ta fara fitowa daga Amurka. A 1925 Samuel Orton, likitan ƙwaƙwalwa kuma shugaban asibitin masu taɓin hankali na jihar Iowa, ya kai asibitin tafi-da-gidanka na mako biyu wata gunduma mai suna Greene, ya ce malamai su turo masa ɗaliban da suke ganin sun gaza. A cikinsu ya samu 14 da aka turo saboda karatu ya gagare su, amma da aka auna basirarsu sai aka tarar kusan daidai take da ta kowa, wasu ma sun zarce. Orton ya lura suna rikita b da d, suna karanta wasu kalmomi daga ƙarshe zuwa farko, sai ya yi zaton ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ne ke jayayya, ɗaya na nuna harafi daidai ɗaya na nuna shi a juye. Binciken baya ya rushe wannan zato. Abin da ya faɗa game da koyarwa ne ya tsaya. A lokacin makarantun Amurka sun karkata ga nuna wa yaro kalma sukutum ya haddace siffarta, shi kuwa a 1929 ya rubuta cewa wannan hanya na jefa wasu yara cikin wahala, gara a koya musu sautin kowane harafi da yadda ake haɗa sautuka.

Orton likita ne, bai taɓa riƙe aji ba. Wadda ta mai da ra'ayinsa darasi ita ce Anna Gillingham, malama kuma masaniyar halayyar yara a wata makaranta a New York, tare da abokiyar aikinta Bessie Stillman. Matsalar da ke gabansu ita ce Ingilishi kansa: haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka fiye da 40, sauti ɗaya ana iya rubuta shi ta hanyoyi da dama, harafi ɗaya kuma yana iya yin sauti iri-iri. Matan nan biyu suka zauna suka tsefe harshen, suka jera shi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, suka fitar da littafin jagoran malami a tsakiyar shekarun 1930. An yi ta sabunta shi, har yau kuma ana buga shi.

Darasin nasu yana da tsari tsayayye. Ana farawa da haruffa goma kacal, wasula biyu da baƙaƙe takwas, an kuma raba b da d da gangan don kada su haɗu a zubin farko. Malama ta ɗaga kati, yaro ya faɗi sautin. Ta faɗi sautin, ya ambaci harafin. Ya bi harafin da yatsa, ya kwafa, sannan ya rubuta da ka. Idan an zo shifta, sai ya maimaita kalmar, ya ambaci haruffanta ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta yana faɗa, sannan ya karanta abin da ya rubuta. Ido da kunne da baki da hannu duk suna aiki a lokaci guda, ba a kuma ƙara sabon abu sai na baya ya zauna. Duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo zai ga kama: baƙi tukuna, sannan wasali, sannan haɗawa, baki na faɗa yatsa na bin rubutu. Gillingham ta nemi a yi haka kwana biyar a mako, aƙalla shekara biyu. A can Los Angeles ma wata masaniya, Grace Fernald, ta buɗe makarantar gwaji a jami'a tun 1921, inda yara ke bin kalma da yatsa suna furta ta har ta zauna.

Littafi kaɗai bai isa ba, Gillingham kuma ta san haka. Ba ta yarda mutum ya karanta jagoran ya ce ya iya ba. Sai ya zauna ya ga ana yi, ya yi ana kallonsa, a gyara masa. Saboda haka sana'ar ta yaɗu ne daga hannu zuwa hannu, har yau kuma ƙwararrun fannin sukan iya lissafa wanda ya koyar da wanda ya koyar da su. Bayan rasuwar Orton a 1948 matarsa June da almajiransa suka kafa ƙungiya da sunansa a 1949, wadda ta rikiɗe ta zama Ƙungiyar Disleksiya ta Duniya.

Aibin tsarin a fili yake. Malami ɗaya, yaro ɗaya, shekara biyu: sai ɗan mai hali. Beth Slingerland, wadda ta yi aiki da Gillingham da Stillman a wata makaranta a Hawaii, ta sake fasalin darasin yadda malami zai yi shi da aji guda, ta kuma riƙa tara malaman gwamnati a lokacin dogon hutu a jihar Washington suna koyo da yara na gaske a gabansu. A Dallas ta jihar Texas kuwa, wani asibitin yara da aka kafa domin masu shan inna ne ya karɓi aikin. Da allurar rigakafi ta rage cutar, asibitin ya faɗaɗa ayyukansa, a 1965 likita Lucius Waites ya buɗe sashen yara masu matsalar karatu. Sally Childs, almajirar Gillingham, ta zo ta horar da ma'aikatan, Aylett Cox kuma ta tsara manhajar da ake koyar da yara rukuni-rukuni da kwas ɗin malamai na shekara biyu. A wannan asibiti ne likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasashe daban-daban suka haɗu a 1968 suka amince da ma'anar disleksiya da aka daɗe ana aiki da ita. Takardar shaidar ƙwarewa da ta samo asali daga wannan reshe har yanzu tana neman awa 200 na darasi da awa 700 na koyarwa ƙarƙashin sa ido.

Turai tana da tata jijiyar. A Kopenhagen ta ƙasar Danmak wata mata mai suna Edith Norrie, wadda ita kanta da matsalar ta tashi, ta kafa cibiyar masu makantar kalma a 1939. Ta ƙera wani akwatin haruffa da aka jera bisa inda sauti ke fita, na leɓe daban, na harshe daban, na maƙogwaro daban, wasula da jan launi. A cikin akwatin akwai ɗan madubi, domin yaro ya ga yadda bakinsa ke motsi idan ya furta sauti. Ɗaya daga cikin waɗanda suka koya a wurinta, Helen Arkell, ita ma mai disleksiya, ta kai ilimin Ingila.

Ingila, inda aka fara ba da labarin yaron, ta yi kusan shekara arba'in ta yi shiru da batun. Sai a 1962 wata ƙungiyar taimakon yara marasa lafiya, ƙarƙashin likitan yara Alfred White Franklin, ta kira taro a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Taron ya yi zafi, domin masana halayyar ɗalibai da yawa sun ce babu wani abu mai wannan suna. Duk da haka ƙungiyar ta buɗe cibiya a wasu gine-ginen wucin gadi a filin Coram, inda ake gwada yara, ana koyar da su, ana kuma nuna wa malamai yadda ake yi. Sandhya Naidoo ta shugabance ta a shekarunta na ƙarshe, ta kuma fitar da littafin bincikenta a 1972. Kuɗi ya ƙare, cibiyar ta rufe, amma waɗanda suka ratsa ta suka bazu.

Kusan duk mata ne. Marion Welchman, ma'aikaciyar jinya a garin Bath, ta shiga harkar ne saboda ɗanta. Ta kafa ƙungiyar iyaye a 1966, ta gayyato Sally Childs daga Amurka ta riƙa ba malamai kwas, sannan ta jagoranci haɗa ƙananan ƙungiyoyi suka zama ƙungiyar ƙasa a 1972. Helen Arkell ta buɗe cibiyarta a 1971. Kathleen Hickey ta je Dallas ta ga aikin Cox, ta dawo ta daidaita shi da lafazin Ingila, ta zama mai horar da malamai a wata cibiya da aka kafa a Staines a 1972. Bevé Hornsby, mai gyaran magana a St Bartholomew, ta haɗa kai da Frula Shear suka rubuta Alpha to Omega, littafin da malamai da iyaye suka yi ta amfani da shi shekara da shekaru. A Bangor ta yankin Wales, Farfesa Tim Miles da matarsa Elaine suka shigar da horon cikin jami'a, suka kuma tura malamansu makarantun gwamnati na yankin. Miles ya tsara wani ɗan gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar na'ura: a ce yaro ya nuna hagu da dama, ya jero watannin shekara gaba da baya, ya maimaita doguwar kalma, ya karanto jadawalin sau.

Hukuma ba ta yi maraba da su ba. Tun da iyaye masu kuɗi da ilimi ne suka fi kai 'ya'yansu gwaji, sai aka riƙa yi musu ba'a cewa disleksiya suna ne da masu hali suka ƙirƙiro don kada a ce ɗansu daƙiƙi ne. Rahoton wani kwamitin gwamnati na 1972 ya nuna shakka a kan sunan. Mary Warnock, wadda ta shugabanci babban kwamitin ilimin yara masu bukata ta musamman da ya ba da rahoto a 1978, ta faɗa daga baya cewa wani jami'in ma'aikatar ilimi ya kira ta ya gargaɗe ta kada kwamitinta ya sa disleksiya a jerin matsalolin. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: duk abin da gwamnati ta amsa sunansa, ita za ta biya kuɗinsa. Sai a 1987 wani minista ya amsa a majalisa cewa gwamnati ta yarda da shi. A 1994 aka nemi kowace makaranta ta ware malami mai kula da yara masu bukata ta musamman, a 2000 kuma kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta yanke cewa ana iya neman diyya daga hukumar ilimi idan ma'aikacinta ya yi sakaci bai gano disleksiyar ɗaliba ba.

Ana cikin wannan ja-in-ja masu bincike suka sauya abin da ya kamata malami ya nema. A jami'ar Albany, Frank Vellutino ya nuna wa yara haruffan Ibrananci, waɗanda ba su taɓa gani ba, ya ce su rubuta abin da suka tuna. Masu wahalar karatu suka yi daidai da gwanayen karatu. Ashe ido da tuna siffa ba su ne matsalar ba. Isabelle Liberman da abokan aikinta a Connecticut suka ba yara ɗan sanda a 1974, suka ce su ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya ga kowane yanki na kalma. 'Yan shekara huɗu kusan rabinsu sun iya ƙirga gaɓoɓi, amma ko ɗaya bai iya ƙirga sautuka ba. 'Yan shekara shida ma kusan kashi 70 cikin ɗari ne suka iya ƙirga sautukan. Kowane yaro Bahaushe zai ji cewa gida ya rabu gi da da, amma jin cewa sauti huɗu ne a ciki sai an koya masa, kuma a kan wannan ji ne rubutun boko ya dogara. A nan ne mai disleksiya ke tuntuɓe. A Oxford, Lynette Bradley da Peter Bryant suka bi yara kusan 400 tun kafin su fara karatu, suka nuna a 1983 cewa wanda ya kasa ware kalmar da sautinta ya bambanta da na sauran shi ne ya fi shan wahala daga baya. Waɗanda aka horar da su a kan sauti tare da haruffan roba su suka fi ci gaba.

Wani binciken kuma malamai ya taɓa kai tsaye. Sally Shaywitz ta jami'ar Yale ta fara bin yara 445 a 1983, a 1990 kuma ta nuna cewa makarantu na tura maza gwaji ninki biyu zuwa huɗu na mata, alhali da aka gwada kowa da kowa tazarar ba ta kai haka ba ko kusa. Yaron da karatu ya gagara yakan tada hankalin aji, a lura da shi. Yarinyar takan yi shiru a bayan aji, a yaba mata da ladabi, shekara ta wuce.

Saura tambaya ɗaya: su malaman sun san waɗannan sautuka? A 1994 Louisa Moats ta gwada malamai 89 masu ƙwarewa, cikinsu har da na karatu da na yara masu bukata ta musamman. Ta ce su ƙirga sautukan kalma, su ware sauti na uku, su bayyana dalilin wasu ƙa'idojin rubutu. Akasarinsu suka kasa. Ba laifinsu ba ne, domin babba da ya iya karatu yana ganin haruffa a zuciyarsa ne ya daina jin sauti, kwalejojin da suka yaye su kuma sun shafe shekaru suna koyar da cewa yaro zai tsinci karatu da kansa idan aka kewaye shi da littattafai masu daɗi, yana cankar kalma daga hoto da ma'anar jimla. Moats ta koma rubuta kwas na malaman aji, kuma shi jihar Mississippi ta ɗauka bayan dokarta ta 2013: aka horar da dubban malaman ƙananan azuzuwa, aka tura masu ja-gora makarantun da suka fi rauni, aka riƙa gwada yara sau uku a shekara. A jarrabawar ƙasa ta karatu ta 'yan aji huɗu jihar ta tashi daga ta 49 a 2013 zuwa ta 29 a 2019. Texas ta riga kowa, tun 1985 ta yi dokar da ta tilasta wa makarantu gwada yara da taimaka musu.

A Ingila rahoton Jim Rose na 2009 ya raba aikin hawa uku: kowane malami ya san alamu da abin yi na farko, kowace makaranta ta samu mai ilimi sama da haka, sannan a samu ƙwararre da makarantu da dama za su riƙa kira. Gwamnati ta ware fam miliyan 10 don horar da ƙwararru 4,000. Daga 2012 kowane ɗan shekara shida yana zama da malaminsa ya karanta kalmomi 40, rabinsu na ƙarya ne da ba su da ma'ana, domin a bambance mai haɗa baƙi da mai hadda. Amma ƙudurin da Matt Hancock, tsohon ministan lafiya wanda sai a jami'a aka gano tasa disleksiyar, ya kai majalisa don a wajabta gwaji da horon malamai bai zama doka ba.

Gardama ma ba ta mutu ba. Julian Elliott da Elena Grigorenko sun fitar da littafi a 2014 suna cewa sunan ba shi da iyaka tsayayya, kuma abin da ke taimakon mai takardar shaida shi ne ke taimakon duk yaron da ke fama da haɗa baƙi, don haka a daina jiran takarda. Wani nazari na 2021 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan hanyar Orton da Gillingham bai samu hujja mai ƙarfi cewa ta fi sauran hanyoyin koyar da sauti daki-daki ba. Abin da ɓangarorin suka haɗu a kai shi ne a koyar da sauti da harafi a fili, a jere, da wuri.

A ƙasashen Afirka kudu da Sahara lissafin ya sha bamban. Ƙididdigar Bankin Duniya ta 2022 ta nuna kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. A irin wannan aji mai disleksiya ya ɓace cikin taro, domin na kusa da shi ma bai iya ba, ko don littafi babu, ko don ajin ya cika maƙil, ko don ana koyar da shi da harshen da ba ya ji. Najeriya tana da kwalejin tarayya ta horar da malaman ilimi na musamman a Oyo tun 1977, da sassa irin wannan a jami'o'in Jos da Ibadan. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauchi ba na disleksiya ba ne, amma ya horar da malaman ƙananan azuzuwa su koyar da Hausa daga sauti zuwa gaɓa zuwa kalma.

Rubutun Hausa na boko ya fi na Ingilishi bin lafazi nesa ba kusa ba, ko da yake ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Wani bincike na 2001 da Eraldo Paulesu ya jagoranta ya kwatanta masu disleksiya na Italiya da Faransa da Ingila: hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna rauni a wuri ɗaya, amma 'yan Italiya, masu rubutu mai bin lafazi, sun fi yin karatu daidai. A irin waɗannan harsuna alamar da ta fi fitowa ita ce nawa, yaro na jan kalma gaɓa-gaɓa shekara bayan shekara. Rikita b da d, ko ɓ da ɗ, abu ne da yara da yawa ke yi har wajen shekara bakwai, shi kaɗai bai isa shaida ba.

Yadda za a raba wanda ba a koya wa ba da wanda koyon ke yi wa wuya, Vellutino ya gwada shi a Albany ya buga sakamakon a 1996. Ya ɗauki 'yan aji ɗaya da suka fi kowa rauni a karatu, ya haɗa kowane da malamin da aka horar, rabin awa kullum. Bayan zango ɗaya kusan kashi biyu cikin uku sun kamo sa'o'insu. Ragowar, waɗanda gwaji ya nuna sun fi rauni wajen jin sautukan kalma da tuna su, aka ci gaba da zama da su zango na biyu.